Shekara Biyun da Muka Ƙara wa Falwaya

9 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara, da fatan kuna lafiya. Mu nan jiki dai lafiya, sauran sai a hankali.

Na koma takarda ne saboda na gaji da wayarka. Duk lokacin da na kira sai ka yi ƙasa da murya ka ce kana cikin taro, kamar kai kake ɗauke da majalisar a ka, alhali na san aikinka bai wuce buga abin da manya suka faɗa ba. Takarda ba ta da maɓallin kashewa. Direban da zai miƙa maka ita na ce kada ya baro ƙofar ofishinku sai ya ga ka buɗe.

Yau kwana ashirin da uku ɗanka Falwaya yana gidan yari, cikin manya. Ka ji labarin guntu-guntu, bari in ba ka shi a dunƙule. Direban gidan burodin da yaron yake aiki bai zo da wuri ba, burodi ya fito, sai shugaban ma'aikata ya jefa wa yaron makulli ya ce ya matso da mota bakin ƙofa. Ya ce bai iya ba. Mutumin ya ce, "Ƙato kamarka, shekara sha tara, ba ka iya jan mota taku biyar ba?" Ka san ɗanka da gudun a ce ya kasa. Ya shiga, ya taka abin da bai kamata ya taka ba, motar ta yi baya ta matse tsohon maigadi da bango. Kwana huɗu tsohon ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. An ce tunda an rasa rai, babu beli.

Shekara sha tara, Auta. Ni da kai mun san inda ta fito. Bara, bayan rasuwar mahaifinsa, gidan burodin suka ce ba sa ɗaukar wanda bai kai sha takwas ba. Ni na roƙe ka, kai kuma ka je kotu a matsayinka na kawunsa ka rantse kan takarda cewa ya zo duniya shekara biyu kafin in haife shi. Har dariya muka yi ranar, ka ce da wannan tsawon nasa ko biyar aka ƙara ba mai musu.

Gaskiyar tana cikin gwangwanin da nake zuba maɓallai: katin asibitin da na haife shi. Sai ashirin ga Oktoba zai cika sha takwas. Na nuna wa wata lauya da ke tsaya wa marasa gata, ta juya katin ta juya, ta ce takardu biyu sun yi karo, kuma kotu da mai rantsuwa za ta tafi, sai in wanda ya rantse ya dawo da ƙafarsa ya ce ƙarya ya yi.

Na ji a rediyo ana shirin sabuwar doka, wai za a fitar da yara daga gidan yarin manya. Sun ambaci kwamitinku. To tunda da yatsunka ake buga ta, gaya mini gaskiya, da ɗana a ciki ko babu?

Ina jiran amsa a hannun direban nan. Allah ya bar zumunci.

Yayarka

21 ga Maris

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso, direban kuma ya cika umarninki, har masu gadin ƙofa suka ɗauka sammaci ya kawo mini.

Yaya, ba gudunki nake yi ba. Ɗakinmu tebur huɗu ne, tsakanin kowane biyu ko kujera ba ta wucewa, kuma matar da ke gefena tana jin numfashina. Ta yaya zan ambaci waccan takarda a waya? Tun ranar da abin ya faru ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba.

Ga yadda maganar take. Ina roƙon ki karanta a zaune, ba a kan keken ɗinki ba.

A dokar da ake aiki da ita yanzu, duk wanda ya kai sha shida babba ne a gaban alƙali. Ke nan ko gobe na je na warware rantsuwata, aka tabbatar shekarunsa sha bakwai, ba inda za a kai shi. Zai ci gaba da zama inda yake, ni kuma in rasa aikina, don wanda ya yi rantsuwar ƙarya ba a barinsa ya taɓa takardar majalisa. Ba zan ɓoye miki ba, ina tsoron wannan. Shekara goma sha huɗu ina kan kujerar nan, yara uku nake ciyarwa da ita.

Sabon ƙudurin shi ne zai mayar da iyakar sha takwas. Akwai sashe na ashirin da bakwai, wanda na buga shi sau shida har na haddace. Ya ce duk wanda yake tsare a gidan manya, kuma bai cika sha takwas ba a ranar da dokar ta fara aiki, za a mayar da shi gidan kula da yara, a sake duba shari'arsa a kotun yara, inda ake neman gyara ba ɗauri ba. Dokar kuma za ta fara aiki ranar da aka sa mata hannu.

To kin ga akwai shi a ciki, muddin abu biyu sun haɗu: an gyara shekarunsa, kuma an sa hannu kafin ashirin ga Oktoba. Wata bakwai ne a gabanmu. Shugaban kwamiti yana cewa kafin Yuni an gama komai. Shawarata ita ce mu jira majalisa ta amince tukuna, kada in zubar da aikin a banza. Ranar da ta amince, na yi miki alkawari zan hau mota.

Ki adana katin nan, ki raba shi da maɓallai kada tsatsa ta ci kwanan watan. In kin je ziyara ki ce masa kawunsa yana gaishe shi.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Auta

14 ga Mayu

Auta,

Ina gaisuwa, a gaida mutanen gida.

"Ƙanenki mai biyayya." Na karanta wannan na yi tsaki har mai kawo mini ɗinki ta tambaya ko allura ce ta soke ni. Tun kana rarrafe ba ka taɓa yi mini biyayya ba sai in ta dace da abin da kake so. Amma na kai takardarka wurin lauya, ta ce lissafinka daidai ne, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi. Na so a ce ƙarya kake yi in samu wanda zan zaga.

Wata biyu ke nan ban rubuto ba don ba ni da abin faɗa. Sau uku ana kai Falwaya kotu. Na farko mai gabatar da ƙara bai zo ba, na biyu fayil bai zo ba, na uku kowa ya zo sai alƙali. Shugaban ma'aikatan da ya jefa masa makulli yana nan yana aikinsa, shi ne ma shaida.

Duk Laraba nake zuwa ziyara. Layi tun daga bakin titi, a caje kwano da cokali, a ba mu minti goma ta bayan waya mai raga. Ba ya kuka, ka san shi. Sai ya ce, "Mama, lafiya lau nake," yana kallon ƙasa. Wani dattijo da suke ɗaki ɗaya, mai gyaran agogo ne a waje, shi ya ja ni gefe ya gaya mini abin da yaron ba ya faɗa. Ɗakin na mutum goma sha biyar ne, su arba'in da ɗaya ne a ciki. Kowa a gefe ɗaya yake kwanciya, gwiwa a naɗe. Ya ce, "Hajiya, ɗanki ya fi kowa wahala, ƙafafun nan nasa ba su da wurin zuwa. Tun da ya shigo bai miƙe su a kwance ba." Ya ce da safe sai ya dafa bango kafin ya iya tsayawa. Akwai wasu yara kamarsa a ɗakin, su tara, ɗan naka ne yake tsaya musu a layin ruwa don manya na jin nauyin tsawonsa.

Abin da ya karya mini zuciya kuwa wando ne. Wanda na kai masa a Fabrairu, har ƙasa yake sauka. Larabar da ta wuce na ga idon sawunsa a waje. Na karɓo wandon na warware kalmasa, na ƙara inci ɗaya da rabi. Yana girma a can ciki, Auta. Na riƙe wandon a shago na rasa wa zan nuna wa. Na so in kai wa alƙali in ce ranka ya daɗe, ga tef, auna da kanka, wane ɗan shekara sha tara ne yake cinye kalmasar wando a wata uku?

Na je gaida matar maigadin. Na yi zaton za ta kore ni, sai ta shimfiɗa mini tabarma. Ta ce mijinta yakan ajiye wa yaron shayi a kofinsa, yana ce masa jikana. Ta ce ita ba ta nemi a ɗaure kowa ba, ba wanda ma ya tambaye ta. Muka zauna muka yi kuka tare, na tashi na dawo.

Yuni ya kusa. Me shugaban kwamitin naku yake cewa yanzu?

Sai na ji daga gare ka.

Yayarka

19 ga Yuni

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarki. Maganar wandon ta hana ni sakat. Na karanta ta a banɗakin ofis, don kada matar gefena ta ga fuskata.

Ba a gama ba, amma an matsa. An yi zaman jin ra'ayin jama'a kwana biyu, ni nake gaba da kwamfuta ina ɗaukar abin da kowa ya ce. Likita ya zo ya ce ƙwaƙwalwar ɗan sha bakwai ba ta gama nuna ba. Shugabar wata ƙungiyar mata ta zo da hotuna. Wani babban gandiroba ya ce shi ma ya gaji da haɗa yara da manya, don da idonsa yake ganin yadda suke shigowa da yadda suke fita. Sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce duk wannan tausayin banza ne, a unguwarsu 'yan sha shida ne suke tare mutane da wuƙa, in an ce musu yara, wa zai ce wa waɗanda suka yanka sannu? Aka tafa masa, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba.

Daga baya wani ya ce, "Wa ma ya san shekarun kowa? Kowane gida da takardar rantsuwar da aka yi wa kwaskwarima." Zauren ya fashe da dariya, har shugaban kwamiti. Ni kuwa na buga maganar harafi bayan harafi, na sa aya a ƙarshe. Rigata ta jiƙe da gumi.

Rabin yini aka kashe a kan ko a kira wurin gidan kula da yara ko gidan gyaran tarbiyya. Aka tashi ba a yanke ba, aka tafi cin abinci. Ina zaune ina kallon agogon bango ina cewa a raina, yau saura wata huɗu da kwana ɗaya. Ba ni da bakin magana a ɗakin nan, Yaya. In na ɗaga kai, ruwa ake zaton zan kawo.

An sa karatu na ƙarshe ranar tara ga Yuli. Na gaya wa matata komai. Ta tambaye ni da me za mu ci, na ce ban sani ba. Ta ce to in ba ka je ba, da wane ido za ka kalli 'ya'yanka? Kin ga ke da ita kun haɗu a kaina.

Ki ce wa lauya ta nemi rana a kotu cikin makon da ke biye. Ban manta alkawarina ba.

Allah ya sa mu ji alheri.

Ƙanenki,
Auta

20 ga Yuli

Autan Mama,

Ina fatan ka isa gida lafiya. Ka tafi da sauri ban samu na yi maka magana ba, bakina kuma ba ya iya irin wannan maganar sai a takarda.

Na gode. Na san na sha ce maka matsoraci, tun ranar da ka bar ni da karen maƙwabta ka haye katanga. Na janye. Da ka tsaya a gaban alƙali cikin rigar ofishinka ka ce, "Ni na rantse, kuma ƙarya na yi," muryarka ta yi siriri kamar ta lokacin da kake firamare, amma ba ka zauna ba sai da ka gama. Ya tambaye ka ko ka san abin da wannan zai jawo maka, ka ce ka sani. Ni ina baya ina murɗa gefen mayafina har na yage shi.

Ban sani ba ko ka ga fuskar ɗanka a lokacin da magatakarda ya karanta kwanan watan da ke jikin katin, ashirin ga Oktoba, alƙali ya ce a rubuta shi a matsayin ranar haihuwarsa. Murmushi ya yi, na farko tun Fabrairu. A ziyarar Laraba ya ce mini, "Mama, ashe na koma yaro." Na ce dama a wurina ba ka taɓa zama komai ba sai shi.

Matarka ta kira ni ta ce takardar sallama ta riga ka isa gida. Ta ce sun karɓe katin shiga, sun ba ka kofinka da dardumarka a leda. Alƙali ya yi maka sassauci da ya tsaya a gargaɗi, su kuma ba su yi ba. Ni na jawo maka, ni na roƙe ka tun farko, kuma wannan zai zauna mini a wuya har in mutu.

Amma majalisa ta amince, Auta! Lauya ta ce saura sa hannu kawai, kuma muna da wata uku cur a gaba. Na je na leƙo gidan kula da yaran, yana bayan asibiti. Akwai fili, akwai aji, akwai inda ake koyon aikin katako. Na roƙi mai shara ya bar ni na leƙa ɗakin kwana. Kowa da gadonsa. Kada ka yi mini dariya, na ciro tef daga jaka na auna ɗaya. Ya ɗan yi masa gajere, amma in ya sa ƙafa ta tsakanin ƙarafan zai miƙe sosai.

Na yanka masa sabbin wanduna biyu, na bar kalmasa mai yawa.

Ka gaida matarka, ka ce mata na san abin da ta yi. Allah ya buɗa maka wata ƙofar.

Yayarka

3 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Na so in zo da kaina, ƙafata ta ƙi. Ki zauna kafin ki ci gaba.

An sa hannu shekaranjiya, ɗaya ga wata. Za ki ji ana murna a rediyo. Amma kafin a sa, ofishin shugaban gwamnati ya dawo da ƙudurin da gyara guda. Sun ce gidajen yaran ba su shirya ba, babu isassun gadaje da ma'aikata, don haka dokar ba za ta fara aiki ranar sa hannu ba, sai bayan kwana casa'in. Majalisa ta karɓi gyaran cikin minti goma, ba wanda ya yi musu, don kowa ya ga maganar hankali ce. Matar da ke gefena, wadda nake ɓoye wa fuskata, ita ta gaji teburina, ita ta buga shi. Ta kira ni tana kuka. Ashe ta daɗe da sanin komai.

Na ƙirga a kalanda, na sake ƙirgawa da yatsa, na sa babbar 'yata ta ƙirga ba tare da na gaya mata dalili ba. Kwana casa'in daga ɗaya ga Agusta ya faɗa talatin ga Oktoba.

Zai cika sha takwas ranar ashirin. Kwana goma ne tsakani.

Sashe na ashirin da bakwai bai canza ba: wanda bai cika sha takwas ba a ranar da dokar ta fara aiki. Na buga layin nan sau shida ina jin daɗinsa, ban taɓa tunanin ranar ce za ta matsa ba.

Ki nuna wa lauya, ko Allah zai sa ta ga abin da ban gani ba.

Auta

11 ga Agusta

Auta,

Gaisuwa.

Lauya ta gani, ba ta ga komai ba. Ta cire tabarau ta ajiye, ta ce akwai irinsa huɗu a hannunta, wata yarinya ma kwana biyu ne nata. Ta ce za ta rubuta koke, amma kada in ɗora rai a kai.

Gadaje! Ni da na auna gadon da hannuna. Su ba ni ɗana in shimfiɗa masa tabarma a barandar gidan, ni zan kawo tabarmar. Wane shiri ake yi wa yaron da yake kwana a naɗe?

Zan faɗi abin da ke raina, in ka ga dama ka ce na haukace. Da alƙalami ka ƙara masa shekara biyu, ba wanda ya tambaye ka. Yanzu wata ɗaya kawai nake nema a rage. Na ce wa lauya ko za a ce asibiti sun yi kuskure, Nuwamba ce ba Oktoba ba. Ta dube ni ta ce, "Katin yana cikin fayil, ke kika kawo shi, ƙanenki ya rantse a kansa, alƙali ya sa hannu." Ni na kai shi, Auta. Na raba shi da maɓallai kamar yadda ka ce, na naɗe shi a leda, ko ɗigon tsatsa bai taɓa kwanan watan ba. Da na bar shi a gwangwanin, wataƙila da yanzu ba mai iya karanta shi.

Da muka yi ƙarya ta kai shi ciki. Da muka faɗi gaskiya ta rufe ƙofa. Ka gaya mini wanne ya rage mu gwada.

Ban gaya masa ba. Larabar nan ya ce yana koya wa yaran ɗakinsu yadda ake naɗe kaya, don kada ranar tafiya ta zo su tsaya kame-kame. Na ce masa ya kyauta.

Yayarka

28 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ki da fatan jiki da sauƙi, matata ta ce kin yi zazzaɓi.

Na gwada abin da na iya. Na rubuta wa shugaban kwamiti takarda shafi biyu, na nuna masa layi ɗaya tak da za a ƙara: a ƙirga shekarun daga ranar sa hannu. Na ma buga masa layin yadda ake bugawa, don kada ya wahala. Masu gadin da muka yi shekara goma sha huɗu muna gaisawa suka ce ba ni da katin shiga. Kwana uku ina tsayawa a inda ake ajiye motoci. A na uku ya fito, ya gane ni, ya karɓa, ya karanta a tsaye. Ba mugu ba ne, Yaya. Ya ce, "Wallahi ba mu lura ba." Ya ce gyaran doka sabon ƙuduri ne, sai ya bi duk matakan da na sani, majalisa kuma tana hutu sai tsakiyar Nuwamba. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, doka ba ta iya ɗaukar kowa, dole a ja layi a wani wuri. Direbansa ya buɗe masa ƙofa.

Yanzu ina buga wa mutane takardu a wata rumfa kusa da kotu. Rabin masu zuwa takardar rantsuwar shekaru suke so. Nakan tambaye su ko kwanan watan gaskiya ne, sai su dube ni kamar na zage su.

Ki gaya wa Falwaya, kada ya ji a bakin gandiroba. In ba za ki iya ba, ki ce kawunsa zai rubuto ya yi masa bayani, tunda ni na fara.

Allah ya ba mu ikon ɗauka.

Auta

31 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da ƙannena. Baba mai agogo ne ya samo mini takarda da biro, Mama za ta ba direba.

Na samu bayaninka, na gane. Kada ka ƙara cewa in yafe maka. Aiki ka samo mini, ni na taka abin da na taka.

Motar ta zo jiya da safe, fara ce mai kujeru. Gandiroba ya tsaya a ƙofa da takarda yana kiran suna. A ɗakinmu an kira tara, duk sun tafi. Kayansu a naɗe suke tun tuni, ba su ɓata lokaci ba. Ƙaramin cikinsu ya riƙe rigata ya ce ba zai tafi ba sai da ni, na ce masa ya je, tawa motar tana baya. Na riƙe masa ledarsa har bakin ƙofar da aka ce in tsaya.

An ɗaga shari'ata zuwa Janairu, a kotun manya, kamar da.

Ka ce wa Mama ta daina kuka a wurin ziyara, ana kallonta. Ka ce mata wandunan sun yi daidai. Kuma ka gaya mata, tunda ta damu da maganar, yanzu da suka tafi an samu fili a ɗakin. Jiya na miƙe ƙafafuna.

Ɗanka,
Falwaya